Taswirar Sama a Cikin Kwamfuta: Matsayin Manhajar Stellarium Wajen Duban Wata da Gane Alƙibla

 

Wata tambaya ta yawaita a wurin ɗalibanmu na ajin dare, har ma da wasu iyayen yara a nan Domayo. Yaro zai ɗaga waya sama, sai ga taurari sun fito a fuskar wayar kowanne da sunansa. Ya juya ta ƙasa, ya ce maka ga wata can ƙarƙashin ƙafarka, sai ƙarfe kaza zai fito. To, dattawanmu wasu sun ce wannan duba ne irin na bokaye, a raba yara da shi. Samari kuma wasu sun wuce gona da iri, suna cewa ai fita duban wata ya zama tsohon yayi, tunda ga na'ura ta faɗi komai. Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin biyu ba su zauna sun dubi abin da kyau ba. Kuma maganar ba ƙarama ba ce, domin azumin mutane da sallarsu ne a ciki, kuma kowa ya san yadda gida ɗaya yake rabuwa biyu a ranar Idi, wani yana cin tuwon salla wani yana riƙe da baki.

Mece ce wannan manhaja?

Manhajojin kallon sama suna da yawa, amma wadda ta fi yaɗuwa a hannun ɗalibai ita ce Stellarium. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara rubuta ta a shekarar 2001, daga baya masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da gina ta. Da zarar ka saka ta a kwamfuta tana zuwa da taurari sama da 600,000, da rana da wata da sauran duniyoyi masu kewaya rana. Ka faɗa mata garin da kake, ka faɗa mata rana da sa'a, sai ta zana maka sama yadda take a wannan wuri a wannan lokaci. Kana iya tura lokacin gaba shekara goma, kana iya mayar da shi baya shekara dubu. Ta kwamfuta kyauta ce, kuma bayan an saka ta ba ta buƙatar intanet. Tana magana da Larabci da Faransanci da Turanci. Akwai ta waya kuma, wadda wani sashenta kyauta ne, wani na kuɗi.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ba kallon sama take yi ba. Ba ta da ido. Ko ka shiga ɗaki ka kulle ƙofa za ta nuna maka taurarin nan. Lissafi ne kawai. Tafiyar wata da rana an daɗe ana auna ta, tun daga masana falaki na Bagadaza da Dimashƙa da Samarƙandi har zuwa na wannan zamani, aka mayar da ita ƙa'idojin hisabi. Su ne aka zuba a cikin na'ura. Wato abin da malamin hisabi zai kwana yana bugawa a allo da jadawalinsa, shi take yi cikin ƙiftawar ido, sannan ta zana sakamakon.

Ana kiran irinta manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Ma'anarsa, rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gwada lissafin, ya nuna kuskure in ya gani, ya gyara. Kuma sharaɗin da masu ita suka kafa shi ne, duk wanda ya gyara ya kuma rarraba wa mutane, dole ya bar nasa gyaran a buɗe. Ɗalibin fiƙihu zai ga kamar rijiyar waƙafi ce: kowa ya sha, kowa na iya yashe ta, amma babu mai kewaye ta da katanga ya ce tasa ce. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu. Malamin da ya ba ka fatawa ya buɗe maka littafi ya nuna maka inda ya ɗauko, ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya ce ka karɓa kawai kada ka tambaya.

Shin ba duban taurari ba ne da aka hana?

Malamai tun da can sun raba ilmin taurari gida biyu. Akwai ilmin tafiyarsu: yaushe tauraro kaza ke fitowa, ina yake faɗuwa, ta yaya matafiyi zai gane gabas da yamma da shi, yaushe lokacin salla ke shiga. Wannan halal ne, wani sashensa ma wajibi ne a samu masu saninsa a cikin al'umma. A duba Suratu Yunus aya ta 5 da Suratul An'am aya ta 97, za a ga an ambaci masaukan wata don sanin ƙidayar shekaru, da taurari don shiryuwa a cikin duhu. Sai kuma ilmin tasiri, wato a ce tauraro kaza ne ya kawo ruwa, ko auren wance ba zai yi albarka ba don tauraronta bai dace da na mijin ba. Wannan shi ne tanjimi, shi ne aka hana, kuma hadisin Zaidu ɗan Khalid da ke cikin Muwaɗɗa, game da ruwan da aka yi a Hudaibiyya, ya isa gargaɗi a kansa.

Stellarium ba ta faɗin sa'ar kowa. Ba ta san aurenka ba, ba ta san kasuwarka ba. Wanda ya ɗauke ta ya je yana yi wa mata duba da ita, laifinsa ne, kamar yadda wanda ya yi sihiri da tawada ba a kama mai sayar da tawada.

A matsayinmu na masu koyar da Larabci akwai wani abu da yake faranta mana rai a cikinta. Ka taɓa wani tauraro ja mai haske kusa da Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, sai ka ga an rubuta Aldebaran. Ai Dabaran ne, mai bin baya, don yana bin Surayya. Rigel daga rijlu ne, ƙafa. Deneb daga zanabu, wutsiya. Altair daga annasruɗ ɗa'ir, mikiya mai tashi. Turawa sun gaji sunayen ne daga littattafan Musulmi, irin littafin surorin taurari na Abdurrahman As-Sufi wanda ya rubuta wajen shekarar 964 Miladiyya. A cikin manhajar ma akwai wurin da za ka sauya sunayen su koma na Larabawa, har da manzilolin wata 28. Waɗannan su ne dai iyayenmu manoma suke ƙirga damina da su, kowanne kwana 13: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha. Ɗalibi nawa ne ya haddace sunayen nan a gaban modibbo, amma in ka fita da shi tsakar gida ka ce ya nuna maka Zira'a, sai ya tsaya yana sosa ƙeya? Yanzu ga hanya ta samu. Wanda kuma ba ya son zane-zanen mutane da dabbobi da Girkawa suka ɗora wa taurari, a kashe suke tun asali, sai in shi ya kunna.

Yadda jinjirin wata ke samuwa

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana a haske yake. Abin da ke sauyawa shi ne nawa muke gani daga cikin wannan rabin. A ƙarshen kowane wata yana matsowa kusa da rana a sama, har su daidaita a layi ɗaya, gefensa mai duhu yana fuskantarmu. Wannan shi ne iƙtirani, wanda ake ce wa haihuwar wata. Lokaci ɗaya ne ga duniya duka. Daga wannan haihuwa zuwa ta gaba, a matsakaici, kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Shi ya sa wata ke zuwa 29 ko 30, ba ya yin 28, ba ya yin 31.

Bayan haihuwa wata yana janyewa daga rana zuwa gabas, kamar daraja 12 a kowace rana. Daraja ita ce abin da 'yan boko ke kira digiri. In ka miƙa hannunka sosai ka dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai kamar daraja 10 a sama, ƙaramin yatsa kuma kamar daraja 1. Kafin a ga jinjirin wata sai abu uku sun haɗu: an haife shi kafin rana ta faɗi, ya saura a sama bayan faɗuwarta, kuma ya yi nisa da ita gwargwadon da siririn haskensa zai rinjayi jan shafaƙi. Wani masanin falaki na Faransa, André Danjon, ya lura tun a shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ta gaza kamar daraja 7, ido ba ya samun abin kamawa. Kuma mafi ƙanƙantar jinjirin watan da masana suka tabbatar an gani da ƙwayar ido, ba na'ura, ya kai kusan sa'a 15 da rabi da haihuwa. Wannan ma gwani ne ya gani, a sama mai tsabta, ba irin hazonmu na hunturu ba.

Daga nan za a gane wata magana da ake yawan yi. Mutane su ga wata ya tsaya da girma, sai su ce wallahi wannan na kwana biyu ne, an cuce mu azumi ɗaya. Ba dole ba ne. In an haife shi da tsakar rana, da magariba sa'a shida kacal gare shi, ba mai ganinsa. Washegari da magariba ya kai sa'a 30, sai ya fito da kauri, alhali daren farko ne. Irin wannan gardama ta faru tun zamanin Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, kuma ya mayar da mutanen ga daren da suka gan shi, ba ga girmansa ba.

Abin da malamai suka ce

Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya rataya ɗaukar azumi da ajiye shi a kan ganin wata, in kuma an rufe mana shi a cika talatin. A kan haka mazhabarmu ta Malikiyya take. Shehu Halil a Muhtasar ya kawo hanyoyin tabbatar Ramadan: cikar Sha'aban, ko ganin adalai biyu, ko ganin jama'a masu yawa da ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba. Ya kuma kore maganar mai lissafin taurari. Imam Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a shekarar 684 Hijira, shi kansa masanin hisabi ne, kuma a littafinsa Al-Furuƙ ya warware dalilin. Lokutan salla an rataya su ne a kan faruwar abin, wato gushewar rana ko faɗuwarta, don haka ta kowace hanya ka tabbatar ya faru ka yi salla. Shi ya sa muke kiran azahar da agogo ba mai cewa uffan. Amma azumi an rataya shi ne a kan gani, ba a kan kasancewar watan a sama kawai ba. Saboda haka samarinmu masu cewa na'ura ta gama magana, ku yi haƙuri, ba ta gama ba. Ko ta ce wata yana nan, in ba a gan shi ba sai mu cika talatin.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Shaida a Musulunci ba a karɓar ta ido rufe. Shi Halil ɗin nan ya ce in adalai biyu suka yi shaida aka ɗauki azumi, aka cika talatin, sama tana garau amma ba a ga wata ba, to an ƙaryata shaidarsu. Kun ga ke nan mazhaba da kanta tana auna maganar shaidu da abin da sama ta nuna. Imam Taƙiyyuddin As-Subki, Bashafi'e, wanda ya rasu a 756 Hijira, ya ƙara gaba: in lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin shaida zato take bayarwa, kuma daga sharaɗinta abin da aka yi shaida a kansa ya zama mai yiwuwa. Ba duka malamai suka bi shi ba, wannan gaskiya ne. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa gani shi ne abin dogaro, amma a nemi taimakon lissafin falaki da wuraren hangen sama. Mu nan muka tsaya. Lissafi ba ya tsayar mana da wata, amma yana iya gaya mana cewa abin da wane ya gani ba wata ba ne.

Ga misali wanda kowa zai tuna. Ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024, wadda ta zo daidai da 29 ga Ramadan 1445 ga waɗanda suka ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, an yi husufin rana cikakke a Meziko da Amurka da Kanada. Husufin rana ba ya faruwa sai lokacin iƙtirani, domin watan ne da kansa ke shiga tsakaninmu da rana. A nan Marwa rana ta faɗi wajen ƙarfe 6:15 na yamma. Haihuwar watan kuwa sai ƙarfe 7:21 na dare agogonmu. Mutane suna zaune bayan buɗa baki suna kallo a wayoyinsu yadda wata ya rufe rana a can, bayan ƙarfe bakwai. To watan da bai riga ya cim ma rana ba sai bayan bakwai, ta yaya za a ce an gan shi ya wuce ta tun shida da kwata? Ka saka wannan rana a Stellarium, za ka ga watan ya riga rana faɗuwa. Saudiyya da Najeriya sun cika talatin, aka yi Idi ranar Laraba. Duk da haka an samu wuraren da aka yi salla ranar Talata a kan labarin gani.

Ba muna cewa masu irin wannan shaida maƙaryata ba ne. Sau da yawa mutumin kirki ne, mai salla a sahun farko. Amma ido yana ruɗuwa, musamman idon da ke ɗokin gani. Guntun girgije da rana ta haska daga ƙasa, ko farin hayaƙin da jirgin sama ya bari, ko Zara matar wata tana ƙyalli ta cikin hazo, ko ma gashin gira fari da ya lanƙwaso gaban ido, duk an sha ɗaukar su wata. Adalci yana kore ƙarya, ba ya kore kuskure.

Yadda za a yi aiki da ita a nan

Abu na farko, a gyara wuri. Sau da yawa manhajar na buɗewa da wani gari daban, mutum ya yi ta kallon saman Faris yana zaton ta Domayo ce. A danna F6 a nemi Marwa da rubutun Faransanci, ko a saka da hannu: arewa daraja 10 da minti 35, gabas daraja 14 da minti 19. 'Yan uwanmu na Garwa su saka arewa 9 da minti 18, gabas 13 da minti 24. Sai F5, a saka ranar 29 ga wata da lokacin magariba. Sai F3, a nemi wata. A gefen hagu na sama rubutu zai fito, a duba abu uku: tsawonsa daga ufuƙi, tazararsa da rana, da kuma ta wane gefen mafaɗar rana yake, dama ko hagu. Harafin A yana cire hasken iska, G yana cire ƙasa don ka ga abin da ya riga ya faɗi, L yana gaggauta lokaci, K ya mayar da shi daidai.

Sama tana juyawa daraja 1 a kowane minti 4. A ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya abubuwa kusan a miƙe suke faɗuwa, don haka watan da ke daraja 10 lokacin faɗuwar rana zai ba ka kamar minti 40 kafin ya ɓace. Kuma a wurinmu jinjirin wata yana zuwa ne kamar ƙwarya a ajiye, ƙahoninsa sama, wani lokaci ya ɗan karkata, domin gefensa mai haske dole ya fuskanci ranar da ta faɗi ƙasa. Wannan ya ba limami ko alƙali tambayoyin da zai yi wa mai shaida cikin mutunci: Malam, ƙarfe nawa ka gan shi? Dama da inda rana ta faɗi ko hagu? Dunƙule nawa daga ƙasa? Ƙahoninsa ina suka duba? Wanda ya gani da gaske ba ya shan wahalar amsawa. Wanda ya ce ƙahonin ƙasa suka duba, ko ya gan shi bayan isha, sai a yi masa godiya a sallame shi.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Manhajar za ta zana maka watan a fuskar kwamfuta ko da ido ba zai iya ganinsa ba. Ganinsa a gilashi ba ganinsa a sama ba ne. Ba ta san yau an tashi da ƙura ba, ba ta san hadari ya haɗo daga gabas ya rufe gari ba, ba ta san duwatsun da ke yamma da mu wajen Mandara suna cinye mana ƙasan ufuƙi ba, balle itatuwan dalbejiya da suka lulluɓe unguwa. Saboda haka masu fita su nemi wuri mai tudu ko fili a bayan gari, su je tun kafin rana ta faɗi su shaida inda ta nutse. Wanda Allah Ya nuna masa, ya kai wa limaminsa, limami ya kai gaba har zuwa hukumar duban wata ta ƙasa. Ba a WhatsApp ake tsayar da wata ba.

Maganar hoto

Yanzu akwai masu ɗaukar hoton sama, kuma su ma suna da manhajojinsu na buɗaɗɗen tushe. Akwai KStars, wadda ke juya madubin hangen nesa da kanta ta saita shi a kan abin da ake nema, kuma cikin manyan masu kula da ita akwai wani ɗan Kuwait, Jasem Mutlaq. Akwai Siril, wadda aikinta shi ne tara hotuna. Yadda abin yake, kyamara za ta ɗauki hoto ɗari ko dubu na wuri ɗaya. A kowane ɗaya ba ka ganin komai sai fari. Sai manhaja ta jera su bisa juna. Dusar da ke cikin hoton tana sauya wuri daga wannan zuwa wancan, sai ta shafe kanta, abin da yake tabbatacce kuma ya ƙara fitowa. Da irin wannan dabara wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton wata ranar 8 ga Yuli 2013 da rana tsaka-tsakin hantsi, a daidai lokacin iƙtirani, tazararsa da rana ba ta kai daraja 5 ba.

Aiki ne na ban mamaki, amma shin gani ne na shari'a? Madubin hangen nesa da mutum ke sa idonsa a ciki, da yawan malaman zamani sun karɓe shi, domin hasken watan ne dai ya shigo ido, kamar mai sa tabarau. Hoton da aka tara kuwa an yi saɓani a kansa. Mu abin da muka karkata gare shi, wannan hoto bai gaya mana komai ba face watan yana nan, kuma wannan lissafi ya riga ya faɗa. In za a iya ɗaukar sa a kowace sa'a, har da rana, har kafin haihuwarsa, to ba shi ne alamar da aka ba al'umma mai birni da ƙauye ta yi azumi da ita ba.

Hotunan da ake turowa a waya daren shakka kuma, a yi hattara. Jinjirin daren farko a cikin jan shafaƙi yake fitowa, siriri kamar zare, ƙasa-ƙasa. In ka ga hoton wata mai kauri a baƙar sama, taurari kewaye da shi, to na kwana uku ne, ko na bara. Kyamarar waya ma da ƙyar take kama na daren farko. Kafin ka tura wa wani, ka tambayi wanda ya ɗauka, a ina, ƙarfe nawa. In ba a san shi ba, hoton ya tsaya a wurinka.

Wani abu kuma: kada wanda ya kuskura ya saita madubin hangen nesa wajen yamma kafin rana ta gama faɗuwa. Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙona ido, kuma ba ya dawowa.

Alƙibla

A bakinmu fuskantar gabas da fuskantar alƙibla abu ɗaya ne, amma a lissafi akwai bambanci. Daga Marwa, Ka'aba tana kan daraja 63 in ka ƙirgo daga arewa, wato ka fuskanci gabas sak sannan ka karkata hagu daraja 27. Daga Garwa kamar 61 ne. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa kusa da kwanon rufi da ƙarfen gini da babur, don haka ga hanyar da ta fi shi. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Kamaru, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan minti duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Wanda ke shakka ya saka Makka a manhajar a wannan lokaci, zai ga rana a tsakiyar ka.

Ba a ce a je a tayar da ƙura a kan masallatan da iyaye suka gina ba. Wanda ke nesa da Makka jiha ake nema daga gare shi, kuma karkata kaɗan ba ta ɓata salla. Amma masu haƙa harsashin sabon masallaci, da masu gyara maƙabarta, da uwargida da ke son ta san inda za ta shimfiɗa darduma a ɗakinta, su yi amfani da damar. A rataya dutse da igiya, ko a kafa sanda a miƙe a wuri mai baje, a daidaita agogo da na rediyo. In lokacin ya yi, inuwar za ta kai kamar rabin tsawon sandar. A ja layi a kanta. Ka tsaya a ƙarshen inuwar ka fuskanci sandar, ka fuskanci Ka'aba. A fi dogara da na watan Mayu, don a tsakiyar Yuli damina ta kankama, sau da yawa hadari ne a sama da hantsi. In ranar ta kuɓuce, kwana ɗaya ko biyu kafinta ko bayanta a wannan sa'ar ma ya wadatar.